U-156: Jirgin Nutson da Ya Kwana Huɗu a Saman Ruwa

In an ce jirgin ƙarƙashin teku, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne wani abu mai halin kifi, wanda zai shige ruwa ya yi wata da watanni bai leƙo ba. Jiragen da Jamus ta yi Yaƙin Duniya na Biyu da su, yaƙin da kakanninmu suka fi sani da yaƙin Hitila, ba haka suke ba. Halin kada gare su. A saman ruwa suke tafiya, a can suke shan iska, yawancin farautarsu ma a saman ruwa suke yinta da dare. Nutso na ɓuya ne ko na kwanton ɓauna, kuma ba ya daɗewa. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane abin da ya auku ga jirgin da ake kira U-156 a watan Satumba na 1942 ba, can a tekun Atlantika, kudu da gaɓar Laberiya.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Basai ta haramta wa Jamus mallakar jirgin nutso ko guda. Injiniyoyinta ba su ajiye sana'ar ba, sai suka buɗe ofishin zane a ƙasar Holan da sunan kamfani mai zaman kansa, suna zana wa wasu ƙasashe jirage, hannunsu bai yi sanyi ba. A 1935 Ingila ta sa hannu a wata yarjejeniyar da ta buɗe wa Jamus ƙofa. Duk da haka, ranar da yaƙi ya ɓarke a 1939, shugaban rundunar jiragen nutso, Karl Dönitz, jirage 57 kacal gare shi, alhali 300 yake nema. Lissafinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne: Ingila tsibiri ce, abincinta da manta da ƙarfenta duk ta ruwa suke zuwa. In an nutsar da jiragen kaya fiye da yadda ake ƙera sababbi, yunwa za ta gama abin da harsashi bai gama ba.

Dönitz ya fi ƙaunar ƙananan jirage samfurin 7, masu saurin nutsewa da sauƙin juyawa. Sai dai waɗannan ba su iya dogon zango. Don haka aka ƙera samfurin 9, manya masu cin nisa, kuma U-156 na cikin reshen da ake kira 9C. A tashar ƙera jirage ta AG Weser da ke Bremen aka haɗa shi, aka tura shi ruwa ran 21 ga Mayu 1941, ya shiga aiki ran 4 ga Satumba na wannan shekara.

Tsawonsa ya kusa mita 77, faɗinsa bai cika mita bakwai ba, nauyinsa a saman ruwa tan 1,120. Jiki biyu gare shi. Na ciki wani dogon bututu ne na ƙarfe mai kauri, shi ke jure matsin ruwa, a cikinsa mutane da injuna suke. Na waje siriri ne, tsakaninsu kuma tankuna ne, wasu na mai, wasu na ruwa. In za a nutse sai a buɗe wa iska hanya ta fice daga tankunan, ruwa ya cika su, jirgi ya yi nauyi ya sauka. In za a taso sai a hura matsattsiyar iska ta kori ruwan. A saman ruwa injunan dizal biyu na kamfanin MAN, kowane mai silinda tara, ke tura shi da gudun da ya kai kilomita 34 a awa, kuma da man da yake ɗauka, fiye da tan 200, yana iya cin kusan kilomita 25,000 in ya tafi a hankali. Zuwa Amurka ke nan da dawowa, har da saura.

A ƙarƙashin ruwa ne labarin ke canjawa. Injin dizal ba ya aiki sai da iska, saboda haka da an rufe ƙofar hasumiya sai a kashe shi a koma kan batir. Iyakar gudunsa a nan bai kai kilomita 14 a awa ba, kuma in an matsa masa haka batir zai ƙare nan da nan. In aka lallaɓa shi da tafiyar da ba ta fi ta mai sassarfa ba, zai yi wajen kilomita 117 kafin wuta ta ɗauke. Wato wanda ya taso daga Kano ba zai kai Zariya ba. Daga nan dole ya taso, ya tada dizal ya cika batir, ya sauya iskar da mutane suka shaƙe. Ga shi kuma girmansa ya sa yana da nawa wajen nutsewa, ya kan ci fiye da rabin minti kafin ruwa ya rufe shi. Rabin minti ba komai ba ne a wurin mai hira, amma jirgin sama da ya faɗo daga cikin gajimare ya ishe shi ya zubar da bom ya wuce.

Makamansa: bututun harba tofido (bom mai gudu a cikin ruwa) shida, huɗu a gaba, biyu a baya, da tofido 22, wasunsu a ajiye cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin daben sama, ba a iya shigo da su sai an taso an tsaya a ruwa mai kwanciya. A gaban hasumiya akwai igwa mai bakin santimita 10.5, a baya kuma bindigogin kakkaɓo jirgin sama. Mutum wajen hamsin ke rayuwa cikin wannan bututu. Gado ɗaya na mutum biyu ne, wannan ya tashi wancan ya kwanta. Makewayi biyu ne, ɗaya ma a farkon tafiya cike yake da abinci. Babu wanka, ruwan sha a aune yake, burodi na yin funfuna cikin 'yan kwanaki, kuma in an shiga ruwan ƙasashe masu zafi jikin ƙarfen sai ya yi ta zufa. Babu wani lungu da aka tanada don baƙo. Abu ɗaya ne kawai yake da yalwa a samfurin 9, wato daben samansa mai faɗi, wanda aka faɗaɗa saboda akwatunan tofido, ba don wani ya zauna a kai ba.

Wanda aka ba jirgin shi ne Werner Hartenstein, haifaffen garin Plauen a 1908. Ba yaro ba ne kamar yawancin kyaftin-kyaftin ɗin jiragen nutso, ya daɗe a ƙananan jiragen yaƙi na saman ruwa, kuma gwani ne a harkar igwa. Tambarin garinsu ya sa aka zana a jikin hasumiya. Ranar jajiberen Kirsimeti ta 1941 ya bar Kiel, ya zagaya ta arewacin Ingila, ya isa Lorient a gaɓar Faransa da Jamus ta mamaye, inda ya zama gidansa.

Fitarsa ta biyu ta kai shi tekun Karebiyan. A tsibirin Aruba akwai matatar mai ta Lago, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya a lokacin, wadda ƙananan tankoki ke kawo wa ɗanyen mai daga tafkin Marakaibo na Benezuwela. Da tsakar daren 16 ga Fabrairu 1942 Hartenstein ya harbi tankoki biyu a bakin tashar, Pedernales da Oranjestad, na biyun ya nutse da wuta. Sai ya ba da umarni a juya igwa kan matatar. Cikin gaggawa da duhu aka manta da toshiyar da ake sa wa bakin igwa don kada ruwa ya shiga. Harsashin farko ya fashe a cikin bututun. Wani matuƙi, Heinrich Büssinger, ya mutu, hafsan igwa Dietrich von dem Borne ya rasa ƙafa, matatar kuma ta tsira. Hartenstein ya nemi izini ya sauke hafsan a tsibirin Martinik, wanda ke hannun gwamnatin Faransa ta Vichy, don a yi masa magani. Daga nan mutanensa suka ɗauki zarto suka yi ta gurza har suka yanke bakin igwar da ya tsage, kuma da wannan guntuwar igwa suka nutsar da wasu jirage biyu, Macgregor da Oregon, bayan tofido ya ƙare. Fita ta uku ma can ya koma, ya nutsar da jirage fiye da goma, ya kuma fasa gaban jirgin yaƙin Amurka Blakeley.

Ina kawo waɗannan ne don kada abin da zai biyo baya ya ruɗe mu. Hartenstein ba ma'aikacin agaji ba ne. Sojan gwamnatin Hitila ne, ya iya aikinsa ƙwarai, kuma aikin nasa ƙona matuƙan jiragen kaya ne da dare, mutanen da yawancinsu neman abinci ya fitar da su.

Ran 20 ga Agusta 1942 U-156 ya bar Lorient tare da wasu manyan jirage, da nufin kai hari a ruwan Keftawun. Dalilin zuwa can shi ne tekun Bahar Rum ya toshe wa Ingila, duk jirgin da zai je Masar ko ya dawo sai ya zagaye Afirka baki ɗaya, ya bi ta Firitawun a Saliyo. Toshewar nan ce ma ta sa jiragen saman yaƙi suka riƙa ratsa ƙasarmu, daga Takoradi da Akara su sauka Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy da Khartum zuwa Alƙahira. Don wannan hanya Amurkawa suka gina wani filin jirgin sama a asirce a tsibirin Asenshan, tsakiyar teku, inda jiragen da suka taso daga Brazil ke shan mai. Jamusawa ba su san da filin ba.

Ran 12 ga Satumba masu gadi a hasumiya suka hango hayaƙi. Laconia ne, jirgin fasinja na kamfanin Cunard mai nauyin tan kusan 20,000, wanda aka mai da na jigilar soja, aka kuma ɗora masa igwa, don haka a dokar yaƙi halal ne a harbe shi ba gargaɗi. Daga Suwez ya taso. Hartenstein ya bi shi har duhu ya yi, ya sakar masa tofido biyu. Abin da bai sani ba shi ne cikin mutum sama da 2,700 da ke jirgin, kusan 1,800 fursunonin yaƙi ne 'yan Italiya, ƙawayen Jamus, waɗanda aka kama a Arewacin Afirka, sojojin Polan na gadinsu a can ƙasan jirgi. Akwai kuma sojojin Ingila da mata da yara. Tofidon ya faɗa daidai inda fursunonin suke. Waɗanda suka samu suka fito sun tarar da kwale-kwalen ceto ba su isa ba, aka kuma tare da yawansu da bakin bindiga da wuƙar kanta. Kyaftin Rudolph Sharp, wanda shekara biyu kafin nan ya tsira daga nutsewar jirgin Lancastria, wannan karon ya tafi da jirginsa. Jini ya jawo kifayen shak.

Hartenstein ya matso ne don ya kama kyaftin da babban injiniya, kamar yadda aka umarce su. Sai ya ji ana neman taimako da harshen Italiya. Nan take ya sa a fara tsamo mutane.

Za a iya cewa don ƙawayensu ne ya yi, kuma gaskiya da haka abin ya fara. Amma bai tsaya a kansu ba. Ya kwashi Ingilishi da 'yan Polan, ya shigar da mata da yara ciki, hafsoshi suka bar musu gadajensu, mai dafa abinci ya yi ta dama miya da shayi ba hutawa, ana miƙa ruwa ga na cikin kwale-kwale. Kafin gari ya waye mutum 193 ne a kan jirgin da aka ƙera wa mutum hamsin, yawancinsu a jere a kan faffaɗan daben nan. Da asubar 13 ga wata ya yi abin da ya saɓa wa duk wata tarbiyyar jirgin nutso: ya aika saƙon rediyo da Turanci, ba tare da sirrantawa ba, ya faɗi daidai inda yake, ya ce duk jirgin da zai zo ceto ba zai taɓa shi ba muddin ba a kai masa hari ba. Jirgin da duk ƙarfinsa ɓuya ne, ga shi ya yi shelar maɓoyarsa. Kuma da mutane a kan dabe da kwale-kwale ɗaure a bayansa, rabin mintin nan na nutsewa ma ya fita daga hannunsa.

Ingilishi a Firitawun sun ji saƙon, suka ɗauka tarko ne. Dönitz ya turo U-506 na Erich Würdemann da U-507 na Harro Schacht da jirgin nutson Italiya Cappellini, duk da Hitila ya fusata yana cewa kada a ɓata harin Keftawun. Aka kuma roƙi Faransawan Vichy, suka tada jirage uku: Gloire daga Dakar, Annamite daga Konakiri, Dumont d'Urville daga Kwatano. Kwana biyu da rabi U-156 yana shi kaɗai yana tattara kwale-kwale wuri guda kamar makiyayi, kafin 'yan'uwansa su iso ran 15 ga wata su rage masa kaya.

Ran 16 ga Satumba da hantsi, yana jan kwale-kwale huɗu, sai ga jirgin saman Amurka samfurin B-24 daga Asenshan. Hartenstein ya sa aka shimfiɗa babban ƙyalle mai alamar Red Cross a kan igwa, ya hana kowa kusantar bindigogin sama. Aka yi wa jirgin sigina da fitila, har wani hafsan Ingila da ke cikin waɗanda aka ceto ya aika da bayani. Matuƙin, Laftanar James Harden, ya yi shawagi ya juya, ya tambayi sansaninsa. Firitawun ta sanar da Asenshan nutsewar Laconia, amma ba ta gaya musu Jamusawa na aikin ceto ba. Hafsan da ke bakin aiki, Kyaftin Robert Richardson, yana tsoron kada jirgin nutson ya gano filinsu ko ya harbi jiragen Ingila da aka tura ceto, ya ba da umarni a nutsar da shi. Harden ya dawo bayan kamar awa guda ya zubar da bama-bamai. Ɗaya ya faɗa tsakiyar kwale-kwalen ya kifar da guda, mutanen da suka tsira daga tofido da shak suka mutu a nan. Wani ya fashe a ƙarƙashin U-156, ya lalata madubin leƙe, ruwa ya fara shiga. Hartenstein ya sa aka yanke igiyoyi, ya matsa kusa da sauran kwale-kwalen, ya umarci duk baƙin su faɗa ruwa, sannan ya nutse. Ma'aikatan B-24 suka kai rahoton sun nutsar da jirgin abokan gaba, aka ba su lambar yabo.

A ganina uzurin Richardson yana da ƙafa, amma gurguwa ce. Gaskiya ne doka ba ta ba jirgin yaƙi kariya don ya shimfiɗa ƙyallen Red Cross ba, kuma jirgin da aka bari yau gobe zai kashe wasu, kamar yadda U-156 ya yi kwana uku bayan nan. Sai dai matuƙin ya ga kwale-kwalen da idonsa, cike da mutane, kuma a kansu bom ɗin ya sauka. Babban alhakin kuwa yana kan waɗanda suka ji saƙon Hartenstein a Firitawun suka bar shi a aljihu.

U-506 da U-507 ba su saki nasu mutanen ba, ko da yake an kai wa U-506 hari washegari, ya nutse da su a cikinsa ya tsira. Ran 17 ga wata Gloire ya iso, aka kwashe sama da mutum dubu zuwa Dakar, daga nan Kazablanka, inda Faransawa suka tsare Ingilishin a sansani har sojojin ƙawance suka shigo Maroko a watan Nuwamba. Wasu kwale-kwale biyu sun ɓace wa masu ceto. Ɗaya ya kai gaɓar Laberiya bayan kwana 27 da mutum 16 cikin 68, a cikinsu akwai wata ma'aikaciyar jinya, Doris Hawkins, wadda ta rubuta abin da ta gani. Ɗayan an tsince shi bayan kwana 40, mutum huɗu ne suka rage. Jimillar waɗanda suka mutu ta haura 1,600, mafi yawansu 'yan Italiya.

A ranar 17 ɗin nan Dönitz ya aika wa dukan jiragensa umarnin da aka san shi da sunan Laconia. Ya hana duk wani yunƙurin ceto: ba tsamo mutum daga ruwa, ba tayar da kwale-kwalen da ya kife, ba ba da abinci ko ruwa, sai fa kyaftin ko babban injiniya da za a kama don a tatsi bayani. Ya ce su taurare zuciya, su tuna abokan gaba ba su tausayin mata da yara in suna ruwan bom a biranen Jamus. A ranar ce kuma aka sanar da Hartenstein ta rediyo an ba shi babbar lambar yabo ta jarumta. Kwana biyu bayan haka ya nutsar da jirgin kaya Quebec City, kuma duk da sabon umarnin, ya tsaya ya nuna wa waɗanda suka tsira taswira da hanyar da za ta kai su gaɓar Afirka.

Bayan yaƙi, a shari'ar Nurembag ta 1946, masu gabatar da ƙara sun kawo wannan umarni a matsayin hujjar cewa Dönitz ya sa a kashe waɗanda suka tsira. Sai lauyansa ya warware labarin daga tushe, har da bom ɗin B-24, ya kuma kawo rubutacciyar shaidar Admiral Chester Nimitz na Amurka cewa su ma haka suka yi yaƙin nutso da Japan tun ranar farko, ba gargaɗi, ba ceto in akwai haɗari. Kotu ta ce umarnin ya saɓa wa yarjejeniyar Landan ta 1936, amma ba ta ɗora hukuncinta a kan wannan ba. Shekara goma aka ɗaure shi a kan wasu laifuka.

Hartenstein bai ga wannan rana ba. U-156 ya koma Lorient a watan Nuwamba, aka gyara shi, ya sake fita ran 16 ga Janairu 1943, yana da jirage 20 a lissafinsa, nauyinsu ya haura tan 97,000. Amma tekun ya sauya. Jiragen sama masu na'urar rada sun cika ko'ina, kuma a wannan fita bai nutsar da komai ba. Ran 8 ga Maris, gabas da tsibirin Barbados, wani jirgin saman Amurka samfurin Catalina, wanda Laftanar John Dryden ke tuƙawa, ya faɗo daga gajimare ya same shi a saman ruwa. Bai samu ya nutse ba. Bom huɗu aka sakar masa, ya karye ya tafi ƙasa. Daga sama aka ga mutum goma sha ɗaya suna iyo cikin mai. Dryden ya zagayo ya jefa musu kwale-kwalen roba da ɗan guzuri, aka ga biyar sun kama shi. Aka tura jirgin yaƙi Barney daga Tirinidad, ya yi kwanaki yana kewaya wurin, bai ga kwale-kwalen ba, bai kuma ga ko ɗaya daga cikin mutum 53 na U-156 ba.